Ɓarawon da Bai San Abin da Ya Sata Ba: Sharhi kan Satar Na'urori Masu Sinadarin Nukiliya

A farkon watan Disamba na 2013 wasu 'yan fashi suka far wa wani direba da ya tsaya hutawa a gidan mai a garin Tepojaco na ƙasar Mekziko, suka sauke shi, suka yi awon gaba da motarsa. Kayan da ke bayan motar tsohuwar na'urar gasa ciwon daji ce da aka ɗauko daga wani asibiti a Tijuana za a kai ta ma'ajiyar sharar nukiliya, kuma a cikinta akwai sinadarin kobalt-60 mai ƙarfin da zai iya halaka mutum cikin ƙasa da awa guda idan ya zauna kusa da shi babu shamaki. Hankali ya tashi, kafofin labarai suka shiga batun 'yan ta'adda. Bayan kwana biyu aka tsinci motar, aka kuma tarar an zare sinadarin daga kwansonsa an yar a gona. Hukumomin ƙasar suka ce bisa dukkan alamu motar ɓarayin ke so, ba su san abin da suka ɗauko ba.

Wannan labari shi ne yadda mafi yawan irin waɗannan sace-sace ke kasancewa, kuma a kansa hujjar wannan sharhi ta tsaya. Wanda ke satar na'ura mai sinadarin nukiliya daga wurin aiki, galibi ɓarawon mota ne, ko ɓarawon kayan aiki, ko mai neman ƙarfen da zai kai wa dillali a auna a biya shi. Haɗarin da ya fi kusa da jama'a yana fitowa ne daga rashin sanin wanda ya ɗauki kayan da kuma hanyar da tsohon ƙarfe ke bi, daga hannun mai tsinta zuwa shagon jari-bola zuwa tukunyar narka ƙarfe. Ƙasar da ta ɗauki matsalar a matsayin ta ta'addanci kaɗai za ta kashe kuɗinta a wurin da ba nan ɓarakar take ba, za ta kuma riƙa ɓoye labarin da ya kamata a shelanta. Gyaran yana hannun mai lasisin riƙe na'urar, da hukumar da ke sa masa ido, da masu sana'ar tsohon ƙarfe, da likitan da majinyaci zai fara zuwa wurinsa.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a san waɗanne kaya ake magana a kai, domin mutane da yawa suna zaton sinadarin nukiliya sai a tashar lantarki ta nukiliya ko rumbun makamai. A wuraren aiki na yau da kullum akwai aƙalla iri huɗu. Na farko ita ce na'urar ɗaukar hoton walda, wadda ake amfani da ita wajen duba haɗin bututun mai da na gas da tankuna. Akwati ce ta ƙarfe da mutum ɗaya zai iya ɗauka da hannu, nauyinta kilo ashirin da wani abu, a cikinta akwai ƙwayar iridiyam-192 da ba ta wuce 'yan milimita ba, maƙale a bakin wata waya. Ma'aikaci yana tsayawa nesa ya murɗa hannun na'urar, ƙwayar ta bi ta cikin tiyo ta isa wurin waldar, tururinta ya ratsa ƙarfen ya bar hoto a jikin fim, sannan a janye ta ta koma cikin kwansonta. Na biyu ita ce na'urar auna taurin ƙasa da danshinta, wadda 'yan kwangilar titi da na madatsun ruwa ke yawo da ita a bayan a-kori-kura, mai ɗauke da ɗan siziyam-137 da haɗin amerisiyam-241 da beriliyam. Na uku kayan binciken rijiyar mai ne, da ake zura su cikin rami domin a san irin dutsen da ke ƙasa da abin da ke cikinsa. Na huɗu su ne ma'aunai da ake kafewa a jikin bututu ko tanki a masana'antun siminti da na ƙarfe da ma'adinai. Ga kuma manyan na'urorin asibiti, waɗanda su ne mafi ƙarfi.

Abin da ya sa waɗannan kaya suka bambanta da sauran kayan sata shi ne tururin nukiliya ba ya da wari, ba ya da launi, kuma jiki ba ya jin sa a lokacin da yake ɓarna. Muddin ƙwayar tana cikin kwansonta na dalma ko wani ƙarfe mai nauyi, haɗarin kaɗan ne. Masifar tana farawa ne daga ranar da aka sa guduma da kurfi aka fasa kwanson, kuma abin takaicin shi ne kwanson ne ke jan hankalin mai neman ƙarfe, saboda nauyinsa yana nuna zai yi kuɗi a sikeli. Nisa yana da matuƙar tasiri: idan mutum ya ninka tazarar da ke tsakaninsa da ƙwayar, abin da ke isa jikinsa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ƙwayar da ba za ta yi wa mai wucewa komai ba take cinye naman wanda ya jefa ta a aljihu. A 1999 wani mai walda a wurin aikin tashar lantarki ta Yanango a ƙasar Peru ya tsinci ƙwayar iridiyam da ta faɗo daga na'ura, ya sa a aljihun wandonsa na wasu awoyi, ƙarshenta sai da aka yanke masa ƙafa. Tsawon rayuwar sinadaran ma ya bambanta. Iridiyam-192 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan kwana 74, kobalt-60 sai bayan shekara biyar da 'yan watanni, siziyam-137 shekara 30, amerisiyam-241 kuwa sama da shekara 400. Ma'ana, kamfani zai iya rushewa, masu shi su mutu, takardunsa su ɓace, ƙwayar da ya bari a sito tana nan da ƙarfinta.

Alƙaluman da ake da su suna goyon bayan wannan fahimta. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, tana da rumbun bayanai da ƙasashe ke kai rahoton kayan nukiliya da suka ɓata, ko aka sace, ko aka tsinta a inda bai kamata ba. Daga 1993 zuwa yanzu an tara rahotanni sama da 4,000, kuma waɗanda aka tabbatar suna da alaƙa da fataucin kayan ko mugun nufi ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. Hukumar ta kuma bayyana cewa fiye da rabin sace-sacen da aka kai rahotonsu sun auku ne a lokacin jigila. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda aikin yake. Na'urar ɗaukar hoton walda ba ta zama wuri ɗaya. Yau tana wannan rukunin aiki, gobe tana wancan, dare ya yi wa ma'aikata a hanya su kwana a masauki, motar ta kwana a waje. Mekziko kaɗai ta yi ta fitar da sanarwar neman irin waɗannan na'urori a shekarun da suka biyo bayan 2013, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne, an sace motar kamfani ko an fasa ta, na'urar tana ciki.

Inda abin ke zama bala'i shi ne idan kayan suka shiga kasuwar tsohon ƙarfe, kuma babu misalin da ya kai na birnin Goiania na ƙasar Brazil. Wata cibiyar gasa ciwon daji ta tashi daga gininta ta bar na'ura mai siziyam-137 a kango. A watan Satumba na 1987 wasu mutum biyu suka shiga suka kwance kan na'urar, suka kai gida a baro, suka huda kwanson, sannan suka sayar wa wani mai shagon jari-bola. Sinadarin gari ne, kuma yana fitar da shuɗin haske a cikin duhu, sai mai shagon ya ɗauka wani abu ne mai daraja, ya riƙa nuna wa 'yan'uwa da abokai yana gutsura musu. Mutane suka fara amai da gudawa da ƙuna a fata, ana ta zaton wata cuta ce daban. Sai bayan kusan mako biyu matar mai shagon ta yi zargin ƙarfen ne, ta sa aka zuba shi a jaka, suka hau motar haya suka kai ofishin kiwon lafiya. Mutum huɗu suka rasu, har da ita da wata yarinya 'yar shekara shida. An auna mutane kusan 112,000, aka sami 249 da sinadarin ya taɓa, aka rushe gidaje, aka kwashe sharar da ta kai kimanin kubik mita 3,500. Duk wannan daga garin sinadari da bai kai giram ɗari ba, kuma babu ko mutum ɗaya a cikin labarin da ya yi niyyar cutar da wani.

Abin ya sake faruwa a Samut Prakan na ƙasar Tailan a farkon shekarar 2000, inda aka ajiye tsofaffin na'urorin kobalt-60 a wani filin ajiye motoci babu tsaro, masu tsintar ƙarfe suka ɗauki ɗaya suka kai shago aka yanka da wutar walda. Mutum goma suka kwanta a asibiti, uku suka rasu. Akwai alamar gargaɗin nukiliya mai ganye uku a jikin na'urar, amma waɗanda suka ɗauka ba su san ma'anarta ba, rubutun kuma ba da harshensu aka yi shi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2007 aka fito da ƙarin wata alama mai jan launi, mai ɗauke da ƙoƙon kan mutum da hoton mai gudu. Idan kuma ƙwayar ta tsallake shagon jari-bola ta isa masana'antar narka ƙarfe, ɓarnar sai ta bazu. A Ciudad Juarez na Mekziko a ƙarshen 1983 kobalt-60 ya narke cikin dubban tan na rodi da ƙafafun tebur, ba a kuma gane ba sai da wata babbar mota ɗauke da rodin ta yi ɓatan hanya ta bi ta gaban na'urar aune-aune a cibiyar binciken Los Alamos a Amurka. A 1998 wata masana'antar ƙarfe a kudancin Sifaniya ta narka ƙwayar siziyam, aka kuma gano burbushinsa a iskar Faransa da Italiya da Suwizalan.

Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye. A watan Disamba na 2002 wasu ƙwayoyi biyu na binciken rijiyar mai mallakar kamfanin Halliburton suka yi ɓatan dabo daga motar kamfanin a yankin Neja Delta, daga baya aka gano su a Jamus cikin tarkacen ƙarfen da aka kai don narkawa, kuma a 2004 gwamnatin tarayya ta dakatar da ba kamfanin kwangila a kan lamarin. Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta tanada, ta fara aiki ne a 2001, wato an daɗe ana shigo da irin waɗannan kaya kafin a sami hukuma ta musamman da ke riƙe da lissafinsu. Manyan ayyukan bututu irin na gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, ko na ɗanyen mai daga Agadem a Nijar zuwa gaɓar tekun Benin, aiki ne da ake bin haɗin walda ɗaya bayan ɗaya ana dubawa, ayyukan tituna kuma ba sa rabuwa da gwajin taurin ƙasa. A ɗaya ɓangaren, sana'ar jari-bola a biranen Najeriya ta dogara sosai da matasan Arewa, masu tura baro unguwa-unguwa suna saye da tsinta, suna fasa abin da suka samu da hannu babu ko safar kariya. Idan wata ƙwaya ta kuɓuce daga wurin aiki, su ne mutanen farko da za ta faɗa hannunsu.

Mai ja da wannan magana zai ce rage girman barazanar ta'addanci ganganci ne, domin sata guda ɗaya da ta faɗa hannun mugu ta isa, ko da sauran ɗari tara da casa'in da tara na ɓarayin mota ne. Wannan ƙorafi yana da tushe. A 1995 'yan tawayen Checheniya sun binne wani ƙunshi mai siziyam a wani lambun shaƙatawa a Mosko suka sanar da 'yan jarida, kuma a 2006 wata kotu a Birtaniya ta ɗaure Dhiren Barot bisa shirya hare-haren da suka haɗa da tunanin bam mai watsa burbushin nukiliya. Sai dai a lura da abu biyu. Har yau ba a taɓa tayar da irin wannan bam a kan jama'a ba, alhali waɗanda suka mutu ta hanyar tsintuwa da fasa ƙarfe an san sunayen garuruwansu da shekarun da abin ya faru. Sannan ƙwayar da ke da ƙarfin yin babbar ɓarna tana fara illata wanda ya fitar da ita daga kwansonta tun kafin ya gama haɗa komai, ƙananan kuma, irin na ma'aunin taurin ƙasa, abin da za su haifar tsoro ne da asarar kuɗin share wuri fiye da asarar rayuka.

Amsar da ta fi wannan ƙarfi ita ce matakan da ke hana ɓarawon mota su ne dai ke hana ɗan ta'adda. Akwatin ƙarfe da aka ɗaure da jikin mota, makulli biyu masu zaman kansu, na'urar bin sawu a jikin motar da jikin akwatin, ƙa'idar cewa ba a barin kayan su kwana a waje babu mai gadi, ƙidayar kaya a farkon aiki da ƙarshensa, duka ba sa tambayar niyyar wanda ya zo ɗauka. Wanda kuma yake da shiri da kuɗi ba lallai ne ya bi ta sata ba. A 2007 masu binciken majalisar dokokin Amurka sun ƙirƙiri kamfanin bogi suka nemi lasisin sayen na'urori masu sinadarin nukiliya, aka ba su cikin ƙasa da wata guda ba tare da an je an ga inda suke ba. Darasin shi ne ƙofar da mai mugun nufi zai bi ita ce raunin hukuma da sakacin mai kaya, wato ƙofar da ɓarawon ƙarfe ke bi. Wanda ya toshe ta domin talakan da ke tura baro ya toshe ta ga kowa.

Akwai masu cewa wanda ya saci abin da ba nasa ba, duk abin da ya same shi shi ya jawo wa kansa. Ko da an yarda da haka, yarinyar Goiania ba ta saci komai ba, haka ma'aikatan shagon da suka mutu, haka mutanen da aka gina musu gidaje da gurɓataccen rodi. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kusan kowane babban hatsari da aka ambata ya faro ne daga mai kaya da ya gama amfani da na'ura ya rasa yadda zai yi da ita. Mayar da tsohuwar ƙwaya ga kamfanin da ya ƙera ta yana cin kuɗi, yana buƙatar akwatin jigila na musamman da takardun izini na ƙasa da ƙasa, ƙasashe da yawa kuma ba su da ma'ajiyar da za a kai. Sai a tura ta ƙuryar sito a ce sai an sami kuɗi, manaja ya canza, mai gadi ya bar aiki, a manta. A Delhi a 2010 ba ma sata aka yi ba, jami'a ce ta yi gwanjon tsohuwar na'ura mai kobalt-60 a matsayin tarkace, ta ƙare a kasuwar ƙarfe ta Mayapuri, mutum ɗaya ya rasu wasu suka jikkata. Saboda haka sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci a lasisi shi ne kada a bar kowa ya shigo da ƙwaya sai ya nuna yarjejeniyar mayar da ita, ya kuma ajiye kuɗin yin hakan tun daga ranar farko, ta yadda ko kamfanin ya karye akwai abin da za a kwashe ta da shi.

Batun da ya fi jawo gardama shi ne na sanarwa. Kamfanoni da wasu jami'an tsaro sun fi son a yi shiru idan na'ura ta ɓata, hujjarsu ita ce shela tana firgita jama'a, tana kuma sanar da miyagu cewa akwai kaya a kasuwa. Tarihi bai goyi bayan shirun ba. A Maroko a 1984 wani lebura ya tsinci ƙwayar iridiyam ya kai gida, mutum takwas suka mutu. A ƙauyen Mit Halfa na Masar a 2000 wani manomi ya tsinci irinta, wadda ta ɓace daga aikin duba waldar bututu, ya ajiye a gida yana zaton abu ne mai daraja, shi da ɗansa suka rasu. A duka biyun babu wanda ya gaya wa mutanen yankin cewa wani abu ya ɓata, balle su san kamanninsa. A gefe guda kuma, na'urar iridiyam da ta ɓace kusa da Basra a Iraƙi a watan Nuwamba na 2015 ta shafe watanni ba labari, amma 'yan kwanaki bayan maganar ta fito a jaridu a Fabrairun 2016 aka tsince ta an yar kusa da wani gidan mai a Zubair. A Janairun 2023, da wata ƙwayar siziyam mai tsawon milimita takwas ta faɗo daga mota a kan hanya mai nisan kilomita 1,400 a yammacin Ostiraliya, hukumomi sun fito da hotonta suka ce kowa ya nisance ta, jama'a ba su ruɗe ba, aka kuma gano ta cikin mako guda. Ɓarawon da ya ji a rediyo cewa akwatin da ke ɗakinsa zai iya kashe 'ya'yansa ya fi kusa da ya ajiye shi a bakin hanya fiye da ya kai wa mai guduma.

Daga nan ne maganar masu sana'ar tsohon ƙarfe ke shigowa. Idan doka ta ce duk wanda aka sami ƙwaya a shagonsa za a kama shi a kuma ɗora masa kuɗin kwashewa, to an koya masa ya jefa ta a kwata ko ya cusa ta cikin lodin da zai tafi masana'anta. Sifaniya ta gane haka bayan hatsarin 1998. A shekarar da ta biyo baya gwamnati da masu narka ƙarfe da dillalan tarkace suka ƙulla yarjejeniya, aka kafa na'urorin aune-aune a ƙofofin masana'antu da manyan shaguna, aka kuma tsara yadda hukumar sharar nukiliya ta ƙasar za ta zo ta karɓi abin da aka tsinta. Za a iya cewa sassauci ga mai tsintuwa zai ƙarfafa sata. Amma ƙwayar ba ta da kasuwa a wurin ɓarawon ƙarfe, ba kuma lada ake cewa a ba shi ba. Abin da ake nema shi ne kada tsoron hukunci ya fi tsoron guba. A ƙasa irin Najeriya, inda 'yan jari-bola ke da ƙungiyoyi da shugabanni a kasuwanninsu, hanya a buɗe take: a kai musu hotunan na'urorin da alamominsu, a yi bayani da Hausa da sauran harsunan da suke ji, a ba su lambar da za su kira, a kuma wajabta wa masana'antun narka ƙarfe auna kowace mota kafin ta sauke kaya.

Likitoci da ma'aikatan jinya su ne shinge na ƙarshe, kuma sau da yawa su ne ke fara gano cewa wani abu ya ɓata. A Goiania da Samut Prakan da Mit Halfa, majinyata sun je asibiti da amai da kasala da ƙuna, aka fara yi musu maganin wasu cututtuka, kwanaki suna wucewa ƙwayar tana ci gaba da aiki a gida ko a shago. Alamomin farko suna kama da na gurɓataccen abinci ko zazzaɓi, ƙunar kuma takan fito ne bayan kwanaki, ba tare da mutum ya tuna ya taɓa wuta ba. Abin da ke tona asirin shi ne a ga mutane da yawa daga gida ɗaya ko shago ɗaya da irin wannan ciwo, gwajin jini kuma ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun faɗi warwas. Koyar da wannan ga ma'aikatan lafiya ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, tambaya ɗaya ce za a ƙara a kan waɗanda aka saba yi: mene ne sana'arka, kuma wane baƙon ƙarfe ya shigo hannunka kwanan nan?

Wasu za su ce tunda haɗarin ya kai haka, a hana amfani da na'urorin baki ɗaya. Inda akwai madadi, wannan shawara ce mai kyau, kuma an fara bin ta. Faransa da Norway sun maye gurbin na'urorin siziyam da ake haska jinin ƙarin jini da su da masu amfani da hasken eksire, wanda da an kashe wuta shi ke nan babu sauran tururi. Asibitoci da yawa sun koma na'urorin gasa ciwon daji masu aiki da lantarki a maimakon kobalt, kuma ana duba walda da na'urar sauti a ayyuka da dama. Sai dai madadin yana da nasa sharaɗi. Yana son wutar lantarki tsayayya, da injiniyoyin gyara a kusa, da kuɗin kayan gyara, abubuwan da ba kowane asibiti ko wurin aiki a tsakiyar daji ke da su ba. Bututun gas da ba a duba waldarsa ba, ko mai ciwon daji da aka sallama saboda na'ura ta lalace, su ma asarar rai ce. Hanyar da ta dace ita ce a rage yawan ƙwayoyin a hankali, a fara da mafi haɗari, musamman siziyam mai siffar gari, sauran kuma a riƙe su da tsauri.

Abin da ya rage shi ne wanda zai tilasta duk wannan. Ƙa'idar da IAEA ta amince da ita a 2003 kan tsaron waɗannan sinadarai ta zayyana abin da ya kamata: rajistar ƙasa ta kowace ƙwaya mai haɗari, rarraba su aji-aji gwargwadon ƙarfinsu, da sanar da juna kafin a fitar ko a shigo da su. Amma ƙa'idar ba dole ba ce a kan kowace ƙasa, alkawari ne na siyasa, ƙarfinta kuma yana tsayawa ne a inda ƙarfin hukumar cikin gida ya tsaya. Ko a Ostiraliya, lokacin da ƙwayar nan ta faɗi a hanya, an tarar mafi girman tarar da dokar jihar ta tanada dalar ƙasar 1,000 ce kacal, kuɗin da bai kai na man motocin da suka yi neman ba. Hukumar da ba ta da isassun masu duba aiki da motocin zuwa wurin aiki ba zato, wadda kuma tararta ba ta kai kuɗin ɗaukar mai gadi ba, ta bar wa ɗan kwangila zaɓi, shi kuwa zai zaɓi mai arha. Hukunci mafi tsanani ya kamata ya hau kan wanda ya ɓatar ya yi shiru, ya fi na wanda ya ɓatar ya faɗa cikin awa guda, domin awoyin farko su ne ke raba ɓatan kaya da mutuwar mutane. Ɓarayi ba za su ƙare ba, mota da ƙarfe kuma ba za su daina jan hankalinsu ba. Abin da ke hannun gwamnati da kamfanoni shi ne su san adadin ƙwayoyin da ke ƙasarsu da inda kowace ta kwana, su tanadi kuɗin mayar da wadda ta tsufa, su kuma gaya wa jama'a gaskiya da harshen da suke ji a ranar da ɗaya ta ɓata.